Shin Ko Kun San? Jirgin Ɗaukar Hoto Naka Ne, Amma Sama Da Masu Ita

Shin ko kun san cewa ɗan abin nan mai ƙugi kamar taron ƙudan zuma, wanda ke shawagi a kan jerin motocin kai amarya, a idon doka jirgin sama ne? Jirgi ne kamar yadda mai kwasar alhazai zuwa Jidda yake jirgi, kuma yaron da ke riƙe da rimot ɗinsa matuƙi ne, ko da bai taɓa taka ƙofar filin jirgi ba. Masu sana'ar bidiyo na ce masa duron, gidajen rediyo na ce masa jirgi maras matuƙi. Ina son na'urar nan ƙwarai, domin ta nuna mana garuruwanmu ta fuskar da a da sai shirwa kaɗai ke ganinsu. Don haka ne ma nake so masu ita su san inda ƙafarsu take.

Ko kun san cewa kalmar duron a Turanci sunan namijin ƙudan zuma ne? Ana danganta laƙabin da wani jirgi da sojojin Ingila suka fara amfani da shi a 1935, wanda ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa domin masu harbo jirage su koyi saiti a kansa. Sunan wancan jirgi Sarauniyar Zuma.

Shin ko kun san cewa doka ta riga na'urar zuwa da shekaru da dama? A watan Disamba na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashe 52 suka sa hannu a birnin Chicago kan yarjejeniyar da har gobe ita ce ginshiƙin sufurin jiragen sama na duniya. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya yi magana ƙarara a kan jirgin da ke iya tashi ba matuƙi a ciki: ba zai ratsa samaniyar wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga ƙasar, kuma dole a sarrafa shi yadda ba zai zama haɗari ga jiragen farar hula ba. A lokacin ba a haifi iyayen akasarin masu tashin duron na yau ba.

Ko kun san cewa sai da aka je gaban alƙali kafin a yarda cewa ƙaramin duron ma jirgi ne? A 2011 wani mai ɗaukar hoto mai suna Raphael Pirker ya tashi wani ɗan jirgi na soso a harabar Jami'ar Virginia da ke Amurka, yana ɗaukar bidiyon talla. Hukumar jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta ci shi tarar dala 10,000 bisa tuƙin ganganci. Ya ce bai yarda ba, abin nan ai ba jirgi ba ne. A watan Maris na 2014 alƙalin farko ya ba shi gaskiya. A watan Nuwamba na shekarar aka soke wancan hukunci, aka ce duk na'urar da aka ƙera don ta tashi a sama jirgi ce, babba ko ƙarama, da mutum a ciki ko babu. Daga baya aka sasanta a kan dala 1,100. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin ya zauna daram.

Shin ko kun san cewa ɗaukar hoto daga sama ya girmi jirgin sama kansa? Wani Bafaranshe da ake kira Nadar ya hau balan-balan a 1858 ya ɗauki hoto a kusa da birnin Paris. Wajen shekara hamsin bayan haka wani mai haɗa magunguna a Jamus, Julius Neubronner, ya ɗaura wa tattabarunsa 'yar kyamara a ƙirji mai ɗaukar hoto da kanta bayan wani lokaci. A wasu hotunan har ana ganin bakin fiffiken tattabarar a gefe.

Ko kun san cewa kamfanin DJI, wanda kusan duk duron da za ka gani a gidan biki nasa ne, wani ɗalibi ne ya kafa shi? Sunansa Frank Wang, kuma a 2006 ya fara, yana karatu a Hong Kong, sannan ya kafa sansani a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Jirgin da ya fito da sunan kamfanin, wato Phantom, ya shiga kasuwa a watan Janairu na 2013, kuma ko kyamara ba ya zuwa da ita, sai dai ka sayi kyamarar GoPro ka maƙala masa.

Shin ko kun san cewa manyan masu shirya fim na Amurka sun daɗe suna fita ƙasashen waje don su yi amfani da shi? A gida an hana su tashinsa don kasuwanci. Fim ɗin Skyfall na 2012, inda ake tsere da babura a kan rufin gine-ginen Istanbul, an ɗauki wani ɓangarensa da jirgi maras matuƙi. Sai a watan Satumba na 2014 FAA ta fara ba kamfanonin fim guda shida izini. Kafin zuwan wannan na'ura, hoto daga sama sai mai kuɗin hayar jirgi mai saukar ungulu. Yau da wuya ka kalli fim mai dogon zango na Kannywood ba a buɗe maka fage da gari daga sama ba, kekunan adaidaita sahu suna tafiya a ƙasa kamar jerin tururuwa.

To, ga wadda ta fi ba ni sha'awa. Shin ko kun san dalilin da ya sa aka rubuta giram 249 a jikin ƙananan jiragen DJI? Me ya hana 250 cif? A ƙarshen 2015, da Amurka za ta fara yi wa jiragen nan rajista, ta kafa kwamiti ya faɗi daga wane nauyi ya kamata a fara. 'Yan kwamitin suka yi lissafin abin da zai faru idan injin ya mutu jirgin ya faɗo a kan mutum. Suka ga abu mai nauyin giram 250 zai iya kai gudun kusan mita 25 a sakan ɗaya, wato kilomita 90 a awa, kuma daga nan ne bugun ke iya zama ajali idan ya samu kai. Sai aka ja layi a wurin: daga giram 250 zuwa sama a yi rajista, dala 5, ta yi shekara uku. Turai da Kanada da wasu ƙasashe suka ɗauki adadin. Shi kuwa kamfanin, a 2019 ya fito da Mavic Mini mai giram 249, giram ɗaya tak a ƙasan layi. Ashe doka ce ta ƙera jirgin, injiniyoyi suka bi ta a baya suna rage kowane kusa da kowane ɓallin roba.

Amma ko kun san cewa wannan giram ɗaya ya yaudari mutane da yawa? Sau nawa na ji mai saye a kasuwa yana cewa, "Wannan ƙarami ne, ba ruwansa da doka." Ba haka ba ne. A Amurka sassaucin na mai tashi don nishaɗi ne kawai; da zarar aikin kuɗi ne, ko ma aikin kyauta ne da aka yi wa wani kanti ko wata ƙungiya, sai an yi wa jirgin rajista ko nawa ne nauyinsa, kuma sai matuƙin ya mallaki lasisi. A Tarayyar Turai, tun daga ranar 31 ga Disamba, 2020, muddin akwai kyamara a jikinsa kuma ba abin wasan yara ba ne, mai shi zai yi rajista ko da bai kai giram 250 ba. Japan kuwa ta sauko da layin zuwa giram 100 a 2022. Ka sa masa babban batir ko ka ɗaura masa fitila, ya haye 250, ka fita daga sassaucin ba ka sani ba. Dokokin tashi kuma, irin su nisantar filin jirgi da taron jama'a, galibi suna hawa kan ƙananan ma.

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan jirage ya taɓa zaunar da jirgin kashe gobara? A watan Janairu na 2025, ana fama da gobarar da ta cinye unguwanni a Los Angeles, wani mutum ya tashi DJI Mini 3 Pro don ya ga ɓarnar da wuta ta yi. Jirgin ya yi nisa har ya ɓace masa, ya je ya yi karo da wani jirgin ɗiban ruwa da aka aro daga Kanada, ya huda masa fiffike. Jirgin ya sauka lafiya, amma ya yi kwanaki ana gyara alhali gidaje na ci da wuta. Mutumin ya amsa laifinsa a kotu.

Shin ko kun san cewa lasisin tashin duron don sana'a a Amurka ba ya buƙatar ka tashi jirgin a gaban kowa? Jarrabawar rubutu ce. Dokar da ake kira Sashe na 107 ta fara aiki ranar 29 ga Agusta, 2016: shekara 16 zuwa sama, tambayoyi 60, a ci kashi 70 cikin ɗari, a sabunta sani duk bayan wata 24. Abin da ake tambaya shi ne karanta taswirar samaniya, da fahimtar rahoton yanayi, da sanin yadda jiragen sama ke shiga filin jirgi da fita. Ma'ana, hukuma ba ta damu da iya juya sanduna ba kamar yadda ta damu da sanin waɗanda kake tarayya da su a sama.

Ko kun san me ya sa kusan ko'ina iyakar tashi mita 120 ce, wato ƙafa 400? Domin jiragen da ke ɗauke da mutane, in ba sauka ko tashi suke yi ba, a ƙa'ida ba sa yin ƙasa da ƙafa 500. Ƙafa 100 da ke tsakani ita ce ratar da aka bari don kada a haɗu.

Shin ko kun san cewa doka ta fi yarda da idonka a kan allon wayarka? Ƙa'idar da ƙasashe suka yi tarayya a kanta ita ce kada jirgin ya fita daga ganin matuƙi, gani na ido, ba da madubin hangen nesa ba. A kwali za a rubuta maka cewa saƙon rimot na kai kilomita goma ko fiye, amma ɗan jirgi mai girman tafin hannu yana zama ɗigo tun bai yi rabin kilomita ba. Kyamara gabanta kawai take gani. Ba ta ganin wayar lantarki da ke gefe, ba ta jin jirgi mai saukar ungulu da ke tahowa ta baya. A ƙasarmu kuma akwai hazo. Ranar da buji ya sauka a watan Janairu, har jiragen fasinja ke fasa sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, farin duron na iya narkewa cikin ƙura yana kan rufin gida na biyar.

Ko kun san cewa rahoton ganin duron ya taɓa rufe filin jirgi na biyu mafi cunkoso a Ingila? Daga daren 19 zuwa 21 ga Disamba, 2018, daf da Kirsimeti, filin jirgin Gatwick ya tsaya cik na sama da awa 30. Jirage kusan 1,000 aka soke ko aka karkatar, fasinjoji kusan 140,000 abin ya shafa, har sojoji aka kira. An kama wani mutum da matarsa, jaridu suka buga hotunansu, daga baya aka gane ba su da hannu, 'yan sanda suka biya su diyya. Ba a gurfanar da kowa a kan lamarin ba. Bayan wata uku Ingila ta faɗaɗa haramtaccen yanki a kewayen filayen jirage daga kilomita 1 zuwa kusan kilomita 5.

Yanzu ku ɗauki wannan ma'auni ku aza a kan Kano. Shin ko kun san cewa tun 1925 jirage ke sauka a birnin, lokacin da wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar? Filin jirgin Malam Aminu Kano a da bayan gari yake, yau gari ya zagaye shi. In aka zana da'irar kilomita 5 daga titin saukarsa, Sabon Gari da Fagge da Kurna da Birget duk suna ciki, kuma Allah kaɗai ya san yawan bukukuwan da ake yi a waɗannan unguwanni kowace Asabar. Jirgin fasinja yana gangarowa ne a hankali bisa kusurwar digiri uku. In ya rage masa kilomita 2 ya taɓa ƙasa, tsayinsa bai wuce mita 120 ba, daidai inda mai ɗaukar bikin ke ganin yana cikin ƙa'ida, kuma yana tafe da gudun da ya kai kilomita 250 a awa. Tsuntsu nama ne da ƙashi mai laushi, duk da haka yana lalata injin jirgi. Duron kuwa ƙarfe ne da batir. Wannan magana ba ta barina in yi shiru idan na ga ana tashinsa a gefen filin jirgi.

Ko kun san cewa a Najeriya ƙofa biyu ake bi? Tun watan Mayu na 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa babu mutum ko kamfani ko ma'aikatar gwamnati da za ta tashi jirgi maras matuƙi a samaniyar ƙasar sai da izininta da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Shigo da shi daga waje ma yana buƙatar takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan daga wannan ofishi, shi ya sa jami'an kwastan ke riƙe shi idan suka gan shi a akwatin matafiyi ba takarda. A kundin dokokin jiragen sama na 2023 an ware masa sashe guda, na 21. Ra'ayina shi ne hanyar ta yi wa ƙaramin mai sana'a tsawo. Saurayin da ya tara kuɗin ɗaukar biki ya sayi jirgi ɗaya yana buƙatar rajista mai sauƙi da jarrabawar da zai iya zama a jiharsa, da harshen da yake ji. Idan ƙofa ta yi nisa, mutane ta katanga suke bi, kuma wanda ya bi ta katanga babu mai koya masa komai.

Shin ko kun san cewa a Borno da Yobe da Adamawa maganar ta wuce ta takarda? A watan Janairu na 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta sanar da haramta tashin jirage marasa matuƙa a yankin ba tare da izininta ba, bayan da masu tayar da ƙayar baya suka fara amfani da irin waɗannan na kasuwa wajen leƙen asiri da kai hari. Sojan da ke bakin shinge ba shi da hanyar sanin na mai ɗaukar biki ne ko na abokin gaba.

Ko kun san cewa a Nijar akwai wanda ya ƙera nasa? Aziz Kountché, wanda ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai, ya yi aiki da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016, inda jirginsa ya ɗauki hotunan sansanonin jihar Diffa daga sama aka zana taswirarsu.

Shin ko kun san cewa saura ƙiris duron ya faɗo wa zakaran duniya a ka, ana kallo kai tsaye a talabijin? Ranar 22 ga Disamba, 2015, a Madonna di Campiglio ta Italiya, ɗan wasan zamiya a kan ƙanƙara Marcel Hirscher yana tsakiyar gudu sai jirgin masu ɗaukar gasar ya rikito ya tarwatse a bayansa, tazarar ƙiftawar ido. Ƙwararru ne ke tuƙa shi, da izininsu da komai. Gudun irin wannan haɗari ne ya sa dokar Turai ta hana mai tashi na yau da kullum ratsa kan taron jama'a, komai ƙanƙantar jirginsa: mutumin da ke cikin cunkoso ba shi da wurin kaucewa. Ku tuna filin idi, ku tuna hawan sallah. A wurin hawa ma akwai ƙarin haɗari, domin doki dabba ce mai saurin firgita, kuma ƙugin farfela huɗu a saitin kunnensa ya isa ya sa shi ya yi cikin 'yan kallo da mahayinsa. Hoton da ya fi kyau ma daga gefe ake samunsa, jirgin na can kan fili ko kan rufi, kyamara na kallon jerin dawaki a karkace.

Ko kun san cewa duron ya taɓa tashin wasan ƙwallo? A watan Oktoba na 2014 a Belgrade, ana wasa tsakanin Sabiya da Albaniya, wani jirgi ya shigo fili da tuta a rataye, faɗa ya kaure, aka watse ba a ƙarasa ba. A gasar Olamfik ta 2024 a Faransa kuma, an kama wani ma'aikacin tawagar mata ta Kanada yana leƙen atisayen New Zealand da duron. Aka zabtare musu maki shida, aka dakatar da mai horar da su shekara guda.

Shin ko kun san cewa duron da ya faɗa harabar fadar White House da asubahin 26 ga Janairu, 2015, shi ya sa DJI ya kewaye birnin Washington da shingen da ba a gani, yadda jirgin zai ƙi tashi in yana ciki? Bayan shekara goma, a Janairun 2025, kamfanin ya cire irin wannan kulle a Amurka ya mayar da shi gargaɗi kawai. Don haka in jirginka ya yarda ya tashi a wuri, wannan ba izini ba ne.

Ko kun san cewa a Amurka yanzu jirgin da ke da rajista dole ya riƙa shelanta kansa? Yana tafe yana watsa lambarsa da inda yake da inda matuƙinsa ke tsaye, kamar lambar mota da ake karantawa da waya.

Ga matafiya. Shin ko kun san cewa ba a saka batiran duron na ajiya a akwatin da za a jefa cikin jirgi? A jakar hannu ake riƙe su, a rufe bakinsu, domin batirin litiyam in ya kama wuta gara ya kama a inda ma'aikata za su gani. Ko kun san cewa Maroko ta hana shigo da shi ba izini tun 2015, kuma a Masar dokar 2017 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa bakwai ga wanda ya shigo da shi ko ya tashe shi ba da yardar ma'aikatar tsaro ba? Indiya ta hana shigo da na ƙasashen waje a 2022 don ta raya masu ƙerawa na gida. A Saudiyya ma sai da izinin hukuma, kuma hotunan Harami daga sama da kuke gani aikin masu izini na musamman ne. Mai niyyar Umara ya bar nasa a gida.

Ko kun san cewa yawancin waɗannan jirage an ƙayyade musu aiki ne zuwa zafin digiri 40? Ranar Afrilu a Sakkwato ko Yamai ta wuce nan. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara wahala kafin ta ɗaga jirgin, batir ya ƙare da wuri, wanda aka bari a cikin mota kuma ya kumbura. Ƙananan cikinsu ba sa jure iskar da ta wuce kilomita 38 a awa, kuma guguwar da ke gaban hadarin farkon damina ta fi haka nesa ba kusa ba. Masu gogewa suna fita suna fuskantar iska, su dawo tana tura su. In ka tashe shi a kan dakalin da aka zuba da rodi, ƙarfen na iya rikita masa alƙibla. Shirwa kuma ba ta son baƙo a samaniyarta. In ta kawo sura, sama ake yi da sauri, domin ta fi gwanancewa a kan abin da ke gudu ƙasa. 'Yan sandan Holan har mikiya suka horar a 2016 don kamo jiragen masu laifi, suka watsar da shirin bayan shekara guda.

Ko kun san cewa galibinsu ba sa ɗaukar sauti? Ƙugin farfela zai danne komai. Guɗar da kuke ji a bidiyon biki a ƙasa aka naɗe ta.

Na bar wadda ta fi damuna zuwa nan. Shin ko kun san cewa kaji ne suka sa kotun ƙolin Amurka ta yi magana a kan wanda ya mallaki saman gida? Wani manomi a kusa da Greensboro yana kiwon kaji a gefen filin jirgi. Lokacin yaƙi jiragen soja suka riƙa wucewa ƙafa 83 kacal a kan gonarsa, kajin na firgita suna dukan bango, har kusan 150 suka mutu. A 1946 kotu ta ce samaniya hanya ce ta kowa, amma mai gida yana da haƙƙi a kan sararin da ke daf da gidansa, gwargwadon abin da zai ba shi damar zama a ciki lafiya. Ba ta faɗi ƙafa nawa ba ne, kuma har yau lauyoyi na ja-in-ja a kai. Harbo duron a can babban laifi ne, domin dai jirgi ne.

Waɗanda suka rubuta dokokin nan mutanen da rayuwarsu ke ƙarƙashin rufi ne. Mu kuwa gidanmu a buɗe yake ta sama. Bahaushe ya yi katanga mai tsawo, ya yi zaure, ya karkata ƙofar shigifa yadda mai wucewa ba zai hango ciki ba, duk don ya tsare tsakar gida, sannan ya bar saman ga Allah da tsuntsaye. A tsakar gidan nan ake girki da wanki da kitso, a nan mace ke zama da ɗaurin ƙirji lokacin zafi, kuma a gidaje da yawa makewayi ba shi da rufi. Jirgin da ke mita 40 a sama bai karya dokar tsayi ba, bai kusanci filin jirgi ba, amma da kyamarar da ke iya jawo fuska kusa ya tsallake katangar gida ashirin a minti ɗaya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin mutum da na gidansa, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, addini ma ya yi hani mai tsanani a kan leƙen gidan mutane.

Na taɓa zama a wani gida ana biki a maƙwabta. Da la'asar sai ga ƙugin nan a kanmu. Wata dattijuwa da ke tankaɗe a bakin murhu ta ɗaga kai, ta saki rariya, ta jawo zanin da ke kan igiya ta lulluɓa, tana kiran 'yan matan gidan su shige ɗaki. Jirgin ya tsaya cak kamar na minti ɗaya, ɗan jan haskensa na ƙiftawa, sannan ya wuce. Na tabbata yaron da ke tuƙa shi motocin ƙofar gidan biki yake nema. Amma ita ba ta koma bakin murhun ba sai da aka kira magariba.

Ko kun san cewa magabatanmu sun riga sun yi wa irin wannan tsari? A cikin birni, kafin magini ya hau soro yin yaɓe, ko wani ya hau bishiyar da ta leƙa gidan maƙwabta, sai an aika yaro ya shiga gida-gida ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Na ga wani mai ɗaukar biki da ya ɗauko wannan al'ada. Kafin ya buɗe jakarsa yakan samu mai unguwa ko dattijon layin, a tura yara gidajen da ke kewaye a ce jirgi zai tashi bayan sallar la'asar, minti goma. Yakan tashe shi daga tsakiyar titi, ya bi tsawon titin, ba ya karkata kyamarar ƙasa sai ya daidaita kan rumfar bikin. Da ya sauko kuma yakan miƙa wa uban ango wayar ya duba abin da aka ɗauka, in katangar wani ta shigo a goge tun a wurin.